Firjin Ƙawata

Ban taɓa kiran 'yata ta fari da sunanta ba sai da ta shekara tara. Wanda bai san gidanmu ba zai ce ƙiyayya ce, to ba ita ba ce. Mu asalinmu Fulani ne. Kakana ne ya sayar da shanunsa ya zauna a Haɗeja, shanun suka tafi, kunyar ɗan fari ta zauna daram. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambatar sunan babban yayanmu ba, ni ma da na haifi tawa sai na bi sahu. In zan kira ta in ce "ke", in zan yi zancenta in ce "yarinyar nan". Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yabonta, in ta faɗi ba ni ce mai tashi da gudu ba. Ita kuma ta taso tana ce mini Adda, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Abin dariyar, ni malamar firamare ce. Kullum safiya sai na kira sunayen 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya a rajista, da muryar da har ajin makwabta ake ji.

Duk abin da kunya ta hana ni yi mata, ƙawata ce ta yi. Ba ƙawar hanya nake nufi ba. Tun muna 'yan mata muka ƙulla ƙawance yadda ake ƙulla shi, da goro da kwanon abinci, iyayenmu suka shaida. Bikinta nawa ne, nawa nata ne. Ita ta fara ɗaukar yarinyar ranar da na haife ta, ita ta goya ta, ita ke mata kitso, ita ke rarrashinta. Allah bai ba ta haihuwa ba, ta yi shekaru tana neman magani har ta haƙura. Yarinyar tana ce mata Umma. Gidanta yana gangaren unguwarmu, ta wajen kogi, lungu biyu tsakaninmu. Sana'arta sayar da zoɓo da kunun aya, tana da firji mai sola, a lokacin da mu wutarmu sai ta ga dama take zuwa. Ni mai zafin baki ce, kowa ya sani, har shugaban makarantarmu yana kiyaye ni. Amma a shekara ashirin ban taɓa ɗaga wa matar nan murya ba.

Yarinyar tun tana goye ciwo ya saba da ita. Baki ya yi gyambo ta kasa tsotso, maruru ya fito a hammata, kunne ya yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta warware, a yi sati biyu ana murna, sai a koma ruwa. An ce shawara ce, an ce basir ne, an ce baki ne. Allurar zazzaɓin sauro kam ta sha ta ba adadi. Tana shekara bakwai wani likita a nan garin ya duba takardar gwajin jininta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya tura mu Kano.

Mun yi watanni muna zarya, ni da mijina da ƙawata, kafin wata likitar jini ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki, kuma a ɓargo ake yin su. Ɓargon yarinyar nan ba ya fitar da isassu, haka aka halicce ta. Cutar ba a cika samunta ba, kuma ba a warkewa, amma akwai allurar da ke zaburar da ɓargon ya yi aikinsa. Sau ɗaya kullum, a ƙarƙashin fata. Abu biyu ta yi ta nanatawa, kada a tsallake rana, kada maganin ya bar sanyi. Ta ce wani lokaci yarinyar za ta yi kukan ciwon ƙashi, wannan allurar ce ke jawo shi, a ba ta maganin ciwon jiki, in ya tsananta a buga mata waya.

Daga nan wata nas ta kawo lemu da sirinji don ta koya mana yadda ake tsirawa. Ta miƙo mini. Mijina yana tsaye, ga wasu mata a kan benci suna kallo. Wallahi hannuna har ya ɗaga, sai na ji kunya ta rufe ni. Yau ni ce zan riƙe cinyar 'yar fari a gaban ubanta ina lallaɓawa? Na ja da baya, na tura ƙawata gaba, na ce ita ce uwarta. Aka yi dariya. Ta karɓa, ta tsira wa lemun allura sau biyu, nas ta ce hannunta ya faɗa. Ga ta da firji kuma. Magana ta ƙare a nan.

Shekara biyu muka yi cikin sauƙin da ban taɓa sani ba. Kullum da safe kafin makaranta yarinyar ta bi lungu ta tafi gidan Ummanta, a yi mata allura, ta dawo ta ɗauki jaka. Bakinta ya warke. Ta yi kumatu. Ranar da na fara ganinta tana shan rake, tana ɓare shi da haƙoranta kamar kowane yaro, ina madafi, sai na juya baya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. Mijina manomin shinkafa ne a fadamar Guri, yakan yi kwanaki a can, don haka ni ke zuwa Kano karɓo magani a cikin kula da ƙanƙara. A mota nake fito da biro in rubuta sunan wata a jikin kowane kwali, halin malamai. Ina sauka tasha sai gidan ƙawata, in miƙa mata kular daga bakin ƙofa. Ban taɓa buɗe firjinta ba. Ban taɓa ce wa yarinyar, an yi miki yau? ba. A ganina tambayar rashin kunya ce, kuma cin fuska ne ga matar da ta ɗauke mini nauyi.

Da bazarar shekararta ta tara gyambon baki ya dawo. Na ce zafi ne. Sai maruru, sai zazzaɓi. Aka auna jini, sojojin sun yi ƙasa warwas. Na ɗauki hoton takardar na tura wa likitar, ta ce a ƙara yawan maganin, na je na gaya wa ƙawata, ta ce to. Bayan sati uku aka sake aunawa, ko gezau. Likita ta ce mu zo.

Mu uku muka je, mijina yana gona. Likitar ta duba bakin yarinyar, ta taɓa cikinta, ta koma ta zauna. Ta tambaya wa ke yin allurar, na nuna ƙawata. Ta juya wajenta.

"Hajiya, akwai ranar da ake tsallakewa? Ko da mantuwa ce, ki gaya mini, ba laifi."

"Kullum da safe, likita. Ko ranar Sallah ba na fashi."

Haka ta faɗa, tana kallon idon likitar. Yarinyar tana zaune a gefenta, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Ni kuwa har na ji haushin tambayar, na ce wa likita in dai wannan matar ce, ta fi ni kula.

Likitar ta ce in haka ne dole a duba ɓargon. Ta ce a wasu masu cutar, ɓargon yakan juya ya zama kansar jini, kuma in magani ya daina aiki haka kawai, wannan ne abin da ake fara tsoro. Za a huda ƙashin ƙugu da babbar allura a zuƙo kaɗan. Washegari aka yi. Aka ce mutum ɗaya ya shiga ya riƙe ta, ba sai na faɗi wadda ta shiga ba. Ni ina baranda. An yi mata allurar kashe zafi, amma ihun da yarinyar nan ta yi ya ratsa ƙofa ya same ni inda nake tsaye. Tana kiran Umma, Umma. Na kama ƙarfen baranda na riƙe, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da suka fito idon ƙawata ya yi jawur, sai ni na koma ina ba ta haƙuri.

Sati biyu muka jira sakamako. Ban iya cin abinci ba. In na shiga aji sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da zan rubuta. Kullum da yamma ƙawata ta zo da kunu a jug, ta zauna kusa da ni, ta ce in daure in sha, Allah ba zai kunyata mu ba. Na sha kunun nan.

Sakamako ya fito, babu kansa. Na yi sujada a tsakar gida. Amma likitar ta ce ita abin ya ɗaure mata kai, ta roƙe ni in tabbatar firjin yana sanyi yadda ya kamata, ko maganin ne ke lalacewa. Na yi kwana biyu ina juya yadda zan faɗa wa ƙawata. Da na je na faɗa, a hankali, ina ta kwana-kwana, sai ƙawata ta ɓata rai. Ta ce ashe abin ya kai a zo ana bincikar ta, in ina so in kwashe kayana in kai inda na fi yarda. Ni da bakina ba ya mutuwa, na durƙusa a ɗakinta na ce ta yafe mini, sharrin likita ne. Ta ce ta yafe.

Damina ta yi nisa, yarinyar tana ta ramewa. Kunnenta na hagu ya fara ruwa mai wari, bayan kunnen ya kumbura, ta daina zuwa makaranta. Likitan garinmu ya rubuta mata magani, muna ba ta. Da ta kasa tafiya, ƙawata ce ke zuwa da safe da 'yar jakarta, ta shiga ɗaki ta saki labule, ni in fita tsakar gida in ba su wuri. A lokacin kogi yana ta cikowa. Maza sun koma kan jinga suna jera buhunan ƙasa, kowa in ya tashi da safe abin da yake fara tambaya shi ne ina ruwa ya kwana.

Wata Talata da hantsi aka ce ruwa ya ɓalle ta gangare. Ban tsaya neman mayafin kirki ba, na ɗauki kula na fita. Tunanina ɗaya, maganin yarinyar nan. Lungun ya cika da mutane, masu katifa a ka, masu jan awaki, ruwa iya ƙwauri, ja, yana tafe da kara da takalman mutane. Na hangi ƙawata a ƙofar gida tana sa wa masu amalanke ido suna ɗora buhunan hatsi. Ba ta gan ni ba. Na wuce ɗakin firji kai tsaye, na buɗe.

Robobin zoɓo ne a gaba, jere. Na kawar da su. A can baya akwai baƙar leda babba, na jawo, ta yi nauyi. Da na kwance sai kwalaye suka zubo. Rubutuna ne a jiki. Maris. Afrilu. Mayu. Yuni. Yuli. Agusta. Ko ɗaya ba a ɓare ba. Na ɗauki na Maris na juya shi, na sake juya shi, kamar wadda ba ta iya karatu ba. Ruwa yana wuce ƙafafuna, ni kuwa gumi nake.

Ina nan tsaye ta shigo. Ta kalli hannuna, ta kalli fuskata. Ba ta yi musu ba, wannan kam na ba ta. Ta jingina da bango ta fara magana da muryar da ban san ta da ita ba. Ta ce tun farkon zafi yarinyar take kukan ƙashi, wata rana ta tausaya ta bar ta ba allura, ba abin da ya faru. Ta sake bari, shiru. A cikin kwanakin ne, a motar dawowa daga kasuwar Kafin Hausa, ta ba wata mata labari, matar ta ce ai irin waɗannan allurai na kullum ƙona mahaifar 'ya mace suke yi. Tun daga ranar ta daina. Zuma take ba ta da habbatussauda, ta manna mata auduga a cinya. Da ciwon ya dawo ta ce a ranta dafin allurar ne ke fita. Da aka ce a ƙara magani sai ta ƙara tsorata.

Na ce, "A Kano fa? Kina riƙe da ita aka huda mata ƙashi."

Ta ce, "Ke kin haihu, ba ki san abin ba. Ni na san zaman da mace ke yi in ba ta haihu ba. Ba zan sa mata wannan da hannuna ba."

Na ce da ta gaya mini, da mun tambayi likita, da minti ɗaya ya isa.

"In gaya miki? Ke da ko sunanta ba kya iya kira? Shekara biyu, sau nawa kika tambaya?"

Na sha yi wa mutane tatas a rayuwata a kan abin da bai kai wannan ba. Ranar kuwa sai na tsugunna a cikin ruwa na tsince kwalayen ɗaya bayan ɗaya na zuba a kula, na rufe, na wuce ta gabanta. Har na kai ƙofa ta ce in tsaya ta ba ni ƙanƙara. Na tsaya, na karɓa, don maganin yana bukata.

Na yi shekaru ina auna abin nan. Daina allurar, da shi kaɗai ne, wataƙila da na yafe. Tsoro ne da jahilci da son yarinyar, na sani, ba ƙinta take yi ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Kano. Likita ta ba ta ƙofa a buɗe, ta ce ko mantuwa ce ba laifi, ta ƙi shiga. Ta ji an ambaci kansa, ta yi shiru. Ta danne yarinyar da hannunta aka huda ta a banza. Ta zauna kusa da ni sati biyu tana kallona ina narkewa, da jug ɗin kununta. Sannan ta bar ni na durƙusa mata, har ta ce ta yafe. Wannan cin amana ne, ba ni da wani suna da zan ba shi, kuma na ji zafinsa fiye da mutuwar wasu 'yan'uwana.

Da na isa gida na buga wa likitar waya. Ta ce a koma kan adadin farko, kada a yi ƙarin nan, a kai yarinyar asibitin garinmu yau yau saboda kunnen. Da na tambaye ta zancen mahaifa, ta ce ba gaskiya ba ne, akwai masu yin allurar nan da suka yi aure suka haihu. Amsar ba ta ɗauke ta minti ɗaya ba.

Kafin mu fita na shiga ɗaki na zauna a bakin gadon yarinyar, abin da ban saba yi ba. Na tambaye ta. Ta fara kuka, ta ce Umma ce ta sa ta yi alkawari, ta ce in ta faɗa za a raba su. Na ce to da ciwo ya yi tsanani fa, me ya hana ta gaya mini?

Ta ce, "Na ɗauka ba kya son a dame ki da maganata, Adda."

A asibiti wata nas ta koya mini allurar, ba da lemu ba, a cinyar 'yata. Mata suna kallo, ban damu ba. Cikin sati guda sojojin jininta suka ƙaru. Kumburin ya saɓe, zazzaɓi ya sauka, muka koma gida. Wani mai kemis da ke kan tudu ya ajiye mana maganin har mijina ya haɗa mana sola.

Ƙawata ta aiko manya, na saurare su, na yi musu godiya. Ta aiko da kwanon dambu, na mayar da shi a rufe yadda ya zo, ta kuwa san abin da hakan ke nufi. Da ruwa ya janye gidanta ya zube, ta koma wajen ɗan'uwanta a Kaugama. Mukan haɗu a wajen biki ko gaisuwar mutuwa, in ce ina wuni, ta ce lafiya, shi ke nan. Yarinyar har gobe tana tambayar Ummanta, kuma ban hana ta gaishe ta a waya ba. In suna hira fita nake yi.

Kwana kaɗan da dawowarmu daga asibiti, da safe, tana zaune a kan tabarma a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na fito da sirinji a hannu. Ubanta yana nan yana wanke babur. Na tsaya daga gefenta, na buɗe baki zan ce "ke" kamar kullum, sai na fasa. Na kira sunanta. Ya fito mini wani iri, kamar ba ni na haife ta ba. Mijina ya ɗago ya dube ni. Ita kuwa ko motsi, tana ta tsintar shinkafarta. Na sake kira. Shiru. Na ce a raina fushi take da ni, kuma tana da gaskiya. Na zagaya ta ɗaya gefen don in ga fuskarta, na faɗa a karo na uku, a hankali ma fiye da na farko. Ta ɗago firgigit, ta waiga bayanta tana neman mai kiran, sannan ta dube ni.

"Adda, ke ce?"

A nan na gane kunnen hagu ya tafi. Gwajin da aka yi daga baya a Kano tabbatarwa kawai ya yi.

Yanzu shekararta goma sha huɗu, ita ke yi wa kanta allurar, ni kuma kullum sai na buɗe firji na duba. Ina kiran sunanta a gaban kowa, a kasuwa, a gidan surukai, har ƙannena suna yi mini tsiya wai na zubar da Fulatanci. Sai dai kafin in kira, sai na fara duba ta wane gefenta nake tsaye.